Gogen da Aka Sa wa Mama Hannatu

Kausar ba ta taɓa sanin goge zai iya yi wa mutum ƙazafi ba sai ranar da Jerom ya kunna musu fim ɗin.

Su uku ne a ɗakin tace hotuna, a saman wani shagon cin abinci irin na Indiyawa da ake kira mamak, a unguwar Sentul, inda ƙamshin soyayyar albasa ke hawowa ta taga har ya kama labule. Jerom ne a gaban kwamfuta, wani ɗan Sin mai gashi cirko-cirko kamar yanzu aka tsorata shi. A gefensa Sista Filomina, shugabar wurin, 'yar ƙabilar Tamil ce gajeruwa mai farin lulluɓi da muryar da ke cika bene. Kausar kuwa tana can baya a kan kujerar roba, ta rungume jakarta. Ta kwana biyu tana koyon aiki a wannan ɗan ofishin da cocin Katolika na unguwar ya buɗe don yin finafinai, amma har yanzu in aka kira sunanta sai gabanta ya faɗi.

Ba ita ta zaɓi wurin ba. Kwalejinsu da ke Setapak ce ta ce kowane ɗalibin aikin jarida sai ya je ya koyi aiki kafin a sallame shi, kuma kafin Kausar ta gama shirya abin da za ta faɗa a gidajen talabijin, 'yan ajinsu masu baki sun cika ko'ina. Da ta kai wa Abbanta maganar cocin tana in-ina, Malam Lawal ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Za su hana ki sallah?" Ta ce a'a, Sista ma ta share mata wuri a ɗakin ajiye kyamarori. Ya ce, "To rawar muryar ta mece ce?" Ya koma karatunsa.

Fim ɗin da suke yi na gaskiya ne, ba wasan kwaikwayo a ciki. A kan wani ɗan Najeriya ne mai suna Irmiya, ɗalibin digiri na uku, wanda duk Asabar yake ɗora manyan tukwane a bayan coci, ya dafa shinkafa da wake, ya kai unguwar kasuwa ta Chow Kit ya raba wa masu kwana a bakin shaguna. Sai aka yi dace mahaifiyarsa, Mama Hannatu, ta zo daga wani ƙauye a bayan Malumfashi don ta taya matarsa Rahila jego. Sista ta ce fim ba uwa ai bai cika ba. Mama ba ta jin Turanci, a ofishin kuma Kausar kaɗai ke jin Hausa. Shi ya sa aka ɗora mata tambayoyi da fassara.

Ranar hirar, Sista ta ce a fara da abu mai sauƙi, a sa Mama ta faɗi sunan ɗanta. Mama ta dubi bango ta ce, "Ai kun san shi."

Aka tambaye ta yadda yake yana yaro.

"Malalaci. Ga ci. In aka aike shi rijiya sai an bi sawu."

To me ta ji da ta ga yana ciyar da jama'a haka?

"Wancan? Shi da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba? Allah dai ya tsare cikin bayin Allah."

Tana alfahari da shi?

Nan Mama ta juya gaba ɗaya, ta ba kyamara ƙeya, ta hau gyara wa jariri hular da ba ta karkace ba. "Ku tambaye ni wani abin."

Kausar ta sha fama da dariya ranar. A kunnenta ba abin da ke tashi a maganar nan sai ƙauna, don Irmiya ɗan fari ne, kuma wace uwa ce mai kunya za ta zauna gaban baƙi ta kama sunan ɗan farinta, balle ta yabe shi? Ta koma ofis ta fassara komai kalma bayan kalma, har ƙamus ta buɗe don kar ta zalunci "malalaci". Ko a mafarki ba ta kawo cewa akwai wanda zai ji maganar nan ya fahimci wani abu daban ba.

Yanzu ga shi a allo. Jerom ya rage wa hoton sauri, Mama na juya ƙeya a hankali, a hankali, kamar ƙofar kurkuku na rufuwa. A ƙasa rubutun Kausar na fitowa fes da Turanci. Sai gogen Turawa ya tsinke da kuka, irin kukan da ko kyanwa ta ji sai ta tuna marayunta. Aka nuno Irmiya shi kaɗai a jirgin ƙasan cikin gari, LRT, ya jingina kai da taga, idanunsa a lumshe. Kausar na wurin ranar da aka ɗauki wannan hoton. Barci yake ji, ya ci tuwo ya ƙoshi.

Sista ta zare tabarau ta share ido da bakin lulluɓinta. "Ya Ubangiji. Yaro yana ciyar da rabin Chow Kit, uwarsa ko sunansa ba ta son faɗa. Ta kasa yafe masa barin gida da ya yi. Jerom, ka taɓa mini zuciya."

"Zan iya ƙara ruwan sama a tagar jirgin, Sista," in ji Jerom.

"Kar ka wuce gona da iri." Ta waiwayo. "Kausar, fassarar daidai take ko?"

Daidai take. Matsalar ke nan. Kausar ta buɗe baki, bayanin ya taho har maƙogwaro, ya ga idanun Sista jawur da hawaye, ya koma.

"Daidai take, Sista."

"To Lahadi mai zuwa bayan sujada za mu haska a zauren coci. Maman za ta zauna a layin gaba. Wa ya sani, ko ta gani zuciyarta ta yi laushi. Boleh?"

"Boleh, Sista," in ji Kausar, wato "za a iya" da yaren mutanen garin.

A gida ta tarar da Ummanta, Hajiya Ɗelu, tana tsinke alayyafon da ta sayo a Chow Kit. Kausar ta zauna a ƙasa ta zayyana mata komai, har kukan gogen ta kwaikwaya. Umma ta yi dariya har ta kifar da kwando.

"Wayyo cikina! Wai ba ta yafe masa ba? Laifin me ya yi mata?"

"Umma, ba abin dariya ba ne."

"Ina fa abin dariya!" Ta sake fashewa.

Daidai nan Adnan, yayan Kausar kuma ɗan farin Umma, ya fito daga ɗaki da makullin babur a hannu. Umma ta ɗaure fuska nan take, ta dubi firij ta ce, "A gaya wa wannan ya taho da gas in zai dawo."

"Umma, ga ni fa a gabanki," in ji Adnan.

"Kausar, kin ji abin da na ce a gaya masa."

"Yaya, wai ka taho da gas."

"Okay lah, na ji," ya ce, ya fice yana girgiza kai.

Da ƙofa ta rufu, Umma ta tattara alayyafonta, dariyar ta bar fuskarta. "Amma ki tsaya. Matar nan a gaban jama'ar cocinsu za a nuna ta? Tana zaune?"

"A layin gaba."

"Su tashi suna kallonta a matsayin matar da ta tsani ɗan cikinta? Ita ba ta jin yarensu balle ta kare kanta?" Ta nuna Kausar da reshen alayyafo. "Ke kika kai bakinta Turanci, ke za ki fitar da ita. Gobe ki je ki faɗa musu."

"Umma, Sista fa har kuka ta yi."

"Ta share. Ai tana da hankici."

Washegari Kausar ta yi ta maimaita jawabinta a bas, ta maimaita a matakalar bene. Tana shiga ta tarar da Sista na cin roti, gurasar Indiyawa, da hannu ɗaya, tana amsa waya da ɗayan. Duk jawabin ya watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Sista, Mama Hannatu tana son ɗanta."

"Kowace uwa tana so, can ƙasan zuciya."

"A'a, ba can ƙasa ba. A sama. Ko'ina ma." Sai maganar ta ɓalle mata kamar famfon da ya lalace. Ta yi bayanin ɗan fari, ta yi bayanin kunya, ta ce a wurinsu uwa ba ta kiran sunan na farko, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi sosai. Ta ce in Mama ta ce malalaci, to nufinta duk ƙauyen ba yaro kamarsa. Har labarin gas ta ba su.

Sista ta ajiye rotin. Ta dubi Kausar ta saman tabarau. "Kuma jiya kina zaune ina ta zubar da hawayena a banza?"

"Na ji tsoro, Sista."

"Tsoron me? Tsawona nawa?"

Jerom ya juyo da kujerarsa, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. "Gogen fa? Sati guda ina nemansa."

"Na yarda da ke," in ji Sista. "Amma masu kallo abin da ke allo suke gani, ba abin da ke kanki ba. Ɗauki ƙaramar kyamara ki koma. Jimla ɗaya nake so. Ta kira sunansa, ko ta ce yaron kirki ne. Ɗaya tak, sai mu gyara sauran."

Kausar ta so ta ce wannan ya fi ɗaukar benen nan a ka wuya. Sai ta ce, "Boleh, Sista."

Gidan su Irmiya na hawa na sama a wani dogon gini a Sentul, ta taga ana hango layin dogo. Rahila ce ta buɗe mata. Mama Hannatu na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, jaririn na kan cinyarta.

"A'a, 'yar Malam ce? Maraba, maraba. Yaya Hajiya? Yaya Malam? Yaya karatu? Zo ki ga angona, yau ko kuɗin cefane bai ba ni ba, sai barci." Ta ɗaga jaririn. "Dubi goshi. Dubi hanci kamar an zana. Duk garin nan akwai kyakkyawa irinsa?"

"Kamarsu ɗaya da babansa," in ji Kausar, tana saita kyamara da sauri.

"Allah ya kiyaye. Uwarsa ya biyo."

Rahila ta tuntsire da dariya daga kicin.

Kausar ta zo da dabarunta a shirye. Ta ce, "Mama, so ake ki lissafo 'ya'yanki duka, daga babba zuwa ƙarami."

"To. Akwai Saratu, akwai Bitrus, akwai Talatu, sai auta Yohanna."

"Kafin Saratu fa?"

"Kafin Saratu ai ina amarya."

"Mama!"

"Me? Ƙarya na yi?"

Ta sake dabara. Rahila ta taɓa gaya mata Mama ta haddace jerin littattafan Littafi Mai Tsarki tun tana ajin baftisma. Kausar ta san akwai Annabi Irmiya a cikinsu, sai ta ce ko za ta karanto musu na annabawa, don mutanen coci su ji yadda ake faɗarsu da Hausa. Mama ta gyara zama, abin ya yi mata daɗi. Ta fara da waƙa-waƙa, "Ishaya," ta ɗan yi tari, "sai annabin nan mai yawan kuka, sai Makoki, sai Ezekiyel..."

"Wane annabi ne mai yawan kuka, Mama?"

"Shi ya san kansa."

Irmiya ya shigo da ledar kayan miya, ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya ƙasa-ƙasa. Mama na ganinsa ta mayar da fuska taga, ta ce wa Rahila, "A tambayi mutumin naku ko a Chow Kit ɗin aka haife shi. Tun safe."

"Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki," in ji Irmiya. "Ni da na yi shekara talatin da wani abu ban ji ba, ke za ki ji da rana ɗaya? Ranar da aka yi mini baftisma ma, da Fada ya tambayi sunan yaro, ƙanwarta ta tsunkula ta faɗa."

"Yaya Irmiya, kai abin ba ya damunka?"

"Ya dame ni? Ranar da ta kira sunana ai asibiti zan kai ta."

Dabara ta ƙare. Kausar ta kashe kyamara, ta ciro wayarta, ta matsa kusa da Mama. "Bari in nuna miki yadda aka haɗa."

Mama ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da ido. Da ta ga kanta sai ta washe baki. Da gogen ya fara sai ta tsuke fuska. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Mama."

"To wannan kukan fa?"

Kausar ta sunkuyar da kai. Ta gaya mata gaskiya, cewa su mutanen nan ba su san kunyar ɗan fari ba, sun ɗauka fushi take da shi, sun ɗauka ba ta ƙaunarsa.

Ƙafar da Mama ke jijjiga jariri da ita ta tsaya. Irmiya ma dariyarsa ta ɗauke.

"Matan da muke zama tare a coci," in ji Mama a hankali, "masu ba ni alewa, masu riƙe mini hannu in za mu tsallaka titi. Su ma za su gani?"

"Za su gani."

"Haka za su ɗauke ni?"

"Mama, in kika ce yaron kirki ne, sau ɗaya kawai, shi ke nan."

Mama ta dube ta kamar ta ce mata ta fita titi ba ɗankwali. "Da bakin nan nawa? A majigi? Uwata ta tashi daga kabari ta ji?" Ta miƙa mata wayar. "Ku nuna abinku. Ni dai na gama zuwa cocin nan har in koma gida. Allah yana ji daga ɗaki ma."

Rahila ta raka Kausar har bakin lif. Ta ce mata Lahadin nan ita ce kaɗai fitar Mama a mako, tun Juma'a take goge zaninta. Kausar ta sauka tana jin kamar ita ta kulle tsohuwar a ɗaki da hannunta.

Ta koma ofis hannu rabbana. Wannan karon ba ta jira an tambaye ta ba, ta faɗi duk yadda aka yi. Ta ce ko a rubuta bayani a farkon fim ɗin.

"Rabin masu zuwa tsofaffi ne, kafin su nemo tabarau rubutun ya wuce," in ji Sista. Ta yi ɗan tunani tana buga biro a haƙori. "Jerom, cire gogen."

"Duka?"

"Duka. Da barcin jirgin. Maganarta kuma a bar ta yadda take, ba mai taɓa mata ko kalma. Ke kuma kafin a kashe fitila za ki tsaya gaban jama'a ki gaya musu abin da kika gaya mini, har da gas ɗin."

Kausar ta zaro ido. Ita da ko a aji in malami ya dubi sashenta sai ta hau neman abin da bai ɓata ba a jaka. "Sista, ke dai ki faɗa. Kin fi ni murya."

"Na fi ki murya, kin fi ni sani. In suka yi tambaya me zan ce? Sai dai in kin fi son matar ta zauna a ɗaki."

Ba ta fi so ba. Ta kira Rahila ta ce a gaya wa Mama an cire kukan, kuma ba za a sa ta faɗi komai ba. Rahila ta dawo da amsa: Mama ta ce za ta zo, amma kusa da ƙofa za ta zauna, in ta ji goge ko na biki ne ta tafi.

Ranar Lahadi da hantsi zauren ya cika. Fankoki na juyawa, yara na rarrafe ƙarƙashin kujeru, a bayan zaure an jera shayi da soyayyen fanke mai dankali a ciki. Ga Indiyawa, ga 'yan Sin, ga 'yan Filifin, ga 'yan Najeriya da hulunansu. Mama Hannatu na bakin ƙofa, jakarta a kan cinya, a shirye. Fada ya yi addu'a, Sista ta yi godiya, sai kawai Kausar ta ji sunanta a lasifika.

Ba ta san yadda ta isa gaba ba. Takardar da ta rubuta ta jiƙe da gumi, ta manne a tafinta. Abin maganar ya yi wata ƙara, wani yaro ya toshe kunne. Ta gyara hijabinta, ta dubi agogon bango don kar ta dubi mutane.

"Sunana Kausar," ta ce da Turanci. "A fim ɗin nan za ku ga wata uwa. Za ta ce ɗanta malalaci ne. Don Allah kar ku yarda."

Aka yi 'yar dariya. Dariyar ta ɗan riƙe ta. Ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi, ta faɗi ɗan fari, ta faɗi kunya, ta faɗi firij da gas. Da ta zo ƙarshe sai ta rasa yadda za ta rufe, ta ce, "Wato dai, duk inda kuka ji ta kushe shi, to a nan ne abin ya fi yawa."

Wata tsohuwa 'yar Tamil a layi na biyu ta ɗaga sandarta. "Uwata har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan babana ba! Sai dai ta ce, kai, mai gidan nan!"

"Tawa kullum sai ta ce wa baƙi ni ne mafi daƙiƙanci a gidanmu," in ji wani dattijo ɗan Sin daga baya. "Likita ne ni fa!"

Zaure ya ɗauki dariya. Jerom ya kashe fitila kafin kowa ya tashi da labarin uwarsa.

Aka ga tukwane, aka ga Chow Kit da cunkosonta, aka ga Irmiya na miƙa abinci yana tsokanar wani tsoho. Sai ga Mama a allo, ba goge, ba komai, sai ƙarar fanka da gurnanin jariri. Ta dubi bango ta ce ai kun san shi. Zauren ya yi wani "Aaah" mai taushi. Ta ce malalaci, ga ci. Tsohuwar mai sanda ta fara tafi, sai kowa ya ɗauka. Ta ce ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, tafi ya ƙaru, wani ɗan Najeriya ya yi fito. Da aka zo inda ta ba kyamara ƙeya, wasu mata har miƙewa suka yi, Sista kuwa ta sake zare tabarau, wannan karon tana kuka tana dariya.

Kausar na leƙen bakin ƙofa. Ta ga Mama na waige-waige, ta ga ta ja Rahila ta tambaye ta, ta ga Rahila ta raɗa mata wani abu a kunne. Sai Mama ta saki jaka, ta ja mayafinta ta rufe fuska ruf.

Ana kunna fitila mata suka yi mata caa. Wannan ta rungume ta, wannan ta sumbaci hannunta, wata ta nuna Irmiya ta nuna ƙirjin Mama ta ɗaga babban yatsa. Mama na ta "Na gode, na gode," ta cikin mayafi, tana neman hanyar gudu babu.

Kausar na naɗe wayar lasifika a gefe ta ji an damƙi hannunta.

"Ke, 'yar Malam. Zo nan."

Ta ja ta bayan wani ginshiƙi. Idanun Mama sun yi ja, amma bakinta na motsi kamar mai danne wani abu.

"Me kika gaya musu?"

"Mama, cewa na yi kawai..."

"Rahila ta gaya mini. Kin tsaya gaban Fada, gaban maza, gaban Sinawa, kin tona mini asiri. Shekara da shekaru ina rufe abina, ke da ko magana ba kya iya yi kin zo kin kwance ni a kasuwa da lasifika."

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Yanzu da wane ido zan dubi mutane? Kowa ya sani."

"To Lahadi mai zuwa ba za ki zo ba ke nan?"

"Wa ya ce? Mai sandar nan ta ce in zo gidanta in ci abinci, da hannu ta nuna mini. In ƙi zuwa ta ce ina da girman kai?" Ta saki hannun Kausar, ta gyara mayafi, ta leƙa ta tabbatar Irmiya na can nesa yana tattara kujeru. Sai ta rage murya. "Abin nan, ana iya sa shi a waya ya je har gida?"

"Ana iyawa."

"To ki tura wa ƙanwata. Don ta ga yadda na yi ƙiba ne, ba wani abu ba."

"To, Mama. In yanko mata wurin da kike kawai?"

Mama ta ɗaga kai ta dubi silin.

"Bar shi duka," ta ce. "Wurin da wancan yake rabon abincin ma kar a taɓa. Tukunyar tana da kyau."